Allura Ɗaya Kafin Wuƙa: Na'urorin Zuciya da Haɗarin Ƙwayoyin Cuta

A Cibiyar Zuciya ta Jami'ar São Paulo da ke ƙasar Burazil, likitoci sun taɓa shirya gwaji a kan mutum 1,000 da za a dasa wa na'urar zuciya a ƙirji. Da ƙuri'a aka raba su gida biyu. Gida ɗaya aka yi musu allurar sefazolin, giram ɗaya ta jijiya, dab da fara aiki. Ɗaya gidan aka yi musu allurar da babu magani a cikinta. Daga majinyacin har likitan da ke riƙe da wuƙa, babu wanda ya san wace aka yi wa wane.

Ba a kai ga cika dubun ba. Ana kan mutum 649 kwamitin da ke sa ido a kan lafiyar majinyatan ya ce a dakata, domin ci gaba ya zama zalunci. Cikin mutum 314 da suka samu maganin, biyu ne wurin dashensu ya kamu da ƙwayoyin cuta. Cikin 335 da ba su samu ba, mutum 11 ne. Ninki biyar ke nan, kuma abin da ya raba su allura ɗaya ce. Aka wallafa sakamakon a 2009, kuma tun daga lokacin gardama ta ƙare a kan na'urorin da ke da waya mai shiga cikin zuciya: ba a dasa su sai an yi wannan allura.

Sai dai daga baya wata na'ura ta yawaita, 'yar ƙarama, wadda ba ta da waya, ba ta taɓa zuciya, aikinta kawai ta saurara ta naɗa. Ita ce ta sake tayar da tambayar da aka zaci an binne. Shin ita ma sai da maganin? In sai da shi, nawa, kuma na kwana nawa? Amsar ta shafe mu, domin mu mutane ne da ba ma yarda an gama aiki a asibiti sai mun fito da ledar kafso a hannu.

Abin da ke sa ƙarfe ya fi nama rauni

Ranar 8 ga Oktoba 1958, a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin, likitan fiɗa Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar daidaita bugun zuciya ta farko da aka taɓa binnewa gaba ɗaya a jikin mutum. Rune Elmqvist ne ya ƙera ta. Awoyi kaɗan ta yi ta tsaya, aka sa wata. Larsson ya rayu har 2001, ya kai shekara 86, kuma an sauya masa na'ura fiye da sau ashirin, har ya ga bayan likitan da maƙerin duka. A 1980 kuma, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, aka dasa ta farko cikin masu jan zuciya da lantarki in ta rikice, wadda Michel Mirowski ya yi shekaru yana fafutukar ganin ta tabbata.

Waɗannan su ne abin da mutanenmu ke kira batirin zuciya. Ana yanka fata ƙarƙashin ƙashin wuya, a yi ɗan aljihu a nama a ajiye akwatin, sannan a zura waya ɗaya, biyu ko uku ta cikin jijiya har su isa cikin zuciya su kama. Wayar nan ita ce amfanin na'urar, ita ce kuma haɗarinta, domin duk ƙwayar cutar da ta samu wurin zama a aljihun ta samu hanyar da za ta bi ta kai ga jini da ƙofofin zuciya.

Ƙwayoyin da ke yin ɓarnar ba baƙi ba ne. Kimanin kashi biyu cikin uku dangin istafilokokas ne, waɗanda ke zaune a fatar kowa da cikin hancin mutane da yawa ba tare da sun cutar da su ba. Mafi yawan lokuta ranar aikin suke faɗawa cikin yankan, daga fatar majinyacin kansa ko daga hannun masu aiki. Da nama zalla suka tarar, sojojin jiki kan ga bayansu. Amma ƙarfe da roba ba su da jini, saboda haka garkuwar jiki ba ta da hanyar isa gare su yadda ya kamata. Ƙwayoyin sukan manne, su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu da shi, kamar gansakukar da ke kama cikin randa, wadda sauya ruwa ba ya cire ta sai an kankare. Da zarar yauƙin ya kafu, maganin da ke kashe su cikin sauƙi a jini sai ya riƙa wucewa ta kansu. Suna iya yin shiru wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara, sannan wurin ya fara ja.

Shi ya sa ƙa'idar magance wannan ciwo take da tsauri: a cire komai, akwati da wayoyi. Waɗanda aka gwada yi musu magani kawai aka bar na'urar, mafi yawansu ciwon dawowa yake yi. Cire wayar da ta shekara kuma ba ƙaramin aiki ba ne, domin nama ya riga ya naɗe ta ya haɗa ta da bangon jijiya. Sai an zura wani bututu mai yanka ko mai hasken leza ya riƙa raba ta da naman a hankali, ga likitan fiɗar ƙirji a kusa ko da jijiya za ta yage. Wani babban rajista na Turai mai suna ELECTRa, da ya bi mutum fiye da 3,500 da aka cire wa waya, ya nuna kusan biyu cikin 100 sun gamu da babbar matsala a aikin, kuma ɗaya cikin 200 ya rasu ta dalilinsa. Wanda zuciyarsa ba ta iya bugawa sai da na'ura kuwa, sai an maƙala masa ta wucin gadi, ya kwanta asibiti ana ɗura masa magani, kafin a dasa sabuwa a ɗaya ɓangaren ƙirjin.

Sa'a ɗaya

Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa lokacin allurar ya fi yawanta muhimmanci. So ake wuƙa ta tarar da magani ya riga ya cika jini da nama, yadda ƙwayar da ta faɗo za ta mutu kafin ta manne. Tun ran gini, ran zane. A 1961 wani likitan fiɗa na Boston, John Burke, ya nuna a jikin dabbobi cewa in aka jinkirta maganin awoyi uku zuwa huɗu bayan ƙwayar ta shiga, kusan daidai yake da ba a bayar ba. A 1992 aka tabbatar da haka a jikin mutane a birnin Salt Lake: cikin majinyata 2,847 da aka yi wa tiyata iri-iri, waɗanda aka yi wa allura cikin awa biyu kafin yanka, kashi 0.6 cikin 100 ne ciwonsu ya ruɓa. Waɗanda aka bari sai bayan aiki, kashi 3.3. Waɗanda aka yi wa da wuri ƙwarai har maganin ya fara fita daga jiki, kashi 3.8.

Ƙungiyar likitocin bugun zuciya ta Turai, a matsayar da ta fitar a 2020 tare da takwarorinta na wasu nahiyoyi, ta tsayar da magana: a yi sefazolin ko fulukulosasilin cikin sa'a ɗaya kafin yanka. Wanda jikinsa ba ya karɓar dangin fenisilin, ko inda ake fama da ƙwayoyi masu taurin kai, a ba shi bankomaisin, a fara minti 90 zuwa 120 kafin aiki saboda a hankali ake ɗura shi. Bayan an ɗinke kuma, matsayar ba ta goyi bayan a ci gaba da ba da magani ba.

'Yar ƙaramar da ba ta da waya

Akwai mutumin da ke faɗuwa sumamme sau ɗaya a wata uku. An auna bugun zuciyarsa a asibiti, lafiya lau. An rataya masa na'urar Holter ya kwana da ita, ko ya yi kwana biyu, ba ta kama komai ba, domin abin bai zo ba a ranar. Akwai kuma wanda ɓarin jikinsa ya shanye, aka bincika aka rasa dalili, ana zargin wani hargitsin bugu ne na saman zuciya da ke zuwa yana wucewa, yana haddasa gudan jini. Irin waɗannan aka ƙirƙiri na'urar naɗar bugu dominsu. A birnin London na jihar Ontario a Kanada, Andrew Krahn da George Klein da abokan aikinsu suka gwada samfurinta na farko a tsakiyar shekarun 1990, kuma kafin ƙarshen shekarun kamfanin Medtronic ya fito da ita kasuwa da sunan Reveal.

Ta farkon ta kai girman filashin kwamfuta, sai an yanka an yi mata aljihu. A 2014 aka fito da Reveal LINQ, wadda girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin uku na siririn batirin rimot ba. Ana kashe wurin da allura a gefen hagu na ƙashin ƙirji, a yi yankan da bai kai santimita ɗaya ba, a tura ta ƙarƙashin fata da wani abu mai kama da sirinji, a rufe da ɗinki ɗaya ko filasta ko gam na asibiti. Minti goma ya isa. Takan yi kimanin shekara uku tana naɗa tana aika wa likita, sababbin ma sun fi haka daɗewa. Kamfanonin Abbott da Biotronik da Boston Scientific kowanne yana da tasa.

Amfaninta ba abin shakka ba ne. A gwajin CRYSTAL AF na 2014, kan mutum 441 da suka samu shanyewar ɓarin jiki ba a san dalili ba, cikin wata shida ta gano hargitsin a kashi 8.9 cikin 100, alhali binciken da aka saba ya gano kashi 1.4 kacal. Da aka kai shekara uku, kashi 30 ne da kashi 3. A wannan gwajin da tsohuwar na'ura mai girma aka yi aiki, kuma mutum biyar cikin 208 sai da aka cire musu ita saboda wurin ya kamu ko ta huda fata.

Da ƙaramar ta zo, lissafin ya sauya. A ƙasar Denmak, binciken LOOP ya dasa ta ga tsofaffi masu shekara 70 zuwa 90. Cikin mutum 1,420 da aka bibiya, tara ne kawai aka cire wa saboda matsala. A Amurka, gwajin RIO 2 na 2017 ya raba kusan mutum 500 tsakanin dasawa a asibiti da dasawa a ɗakin ganin likita, kuma kowane ɓangare matsalolinsa ba su kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Sean Beinart da abokan aikinsa kuma, a 2016, suka duba mutum 375 da aka dasa wa ita a asibitoci daban-daban. Kusan kashi biyu cikin uku ba a ba su maganin rigakafi ba sam. Waɗanda wurinsu ya kamu gaba ɗaya ba su wuce kimanin ɗaya cikin 100 ba, kuma waɗanda ba a ba maganin ba ba su fi sauran shan wahala ba.

Dole a yi adalci ga wannan hujja. Ba ƙuri'a ce ta raba mutanen ba, likita ne ya zaɓi wanda zai ba, kuma likita yakan ba wanda ya fi jin tsoron jikinsa, mai ciwon suga ko mai ciwon ƙoda. Adadin waɗanda suka kamu kuma ya yi kaɗan ƙwarai, bai isa a gina hukunci mai ƙarfi a kansa ba. Saboda haka har yau asibitoci sun rabu: wasu suna yin allura ɗaya ga kowa, wasu ga masu rauni kaɗai, wasu ba sa yi.

Amma akwai abin da ya fi alƙaluman nauyi a wurina, wato abin da ke faruwa in an yi rashin sa'a. Wannan na'ura ba ta da hanya zuwa jini. In wurinta ya kamu, ciwon fata ne da naman da ke ƙarƙashinta. A kashe wurin, a zaro ta cikin 'yan mintoci, a wanke, a ba da magani na 'yan kwanaki, in ana bukata a sake dasa wata bayan an warke. An yi asarar kuɗi da lokaci, ba a yi asarar rai ba. Idan haɗarin ɗaya ne cikin 100 kuma gyaransa mai sauƙi ne, to yi wa mutum 100 allura don kare ɗaya, a kan hujjar da ba ta nuna an kare shi ba, abu ne da likita ke da ikon ya ce a'a. Wanda ake wanke wa ƙoda, ko wanda ke shan maganin da ke danne garkuwar jiki, ko mai sugan da ya ƙi saituwa, allura ɗaya kafin aiki ba ta zama laifi ba a kansa. Abin da ba shi da madogara ko kaɗan shi ne kafso na kwana biyar ko bakwai bayan yankan da bai kai faɗin farce ba.

Binciken Denmak ya bar wani darasi da ya kamata a tsaya a kansa. Cikin mutum 753 da aka yi wa aikin a ɗakin ƙananan ayyuka, 12 ne wurinsu ya kamu. Cikin 667 da aka yi wa a cikakken ɗakin aikin zuciya, mutum ɗaya ne. Waɗanda aka sake motsa na'urarsu don gyara mata zama su ma sun fi sauran gamuwa da matsala. Ƙanƙantar aikin ita ce tarkonsa: da an ga abin minti goma ne, sai hannu ya saki, a rage shimfiɗa, a gajarta wankin fata.

Da aka ninka maganin

Tunanin cewa in allura ɗaya ta yi amfani to uku za su fi, ba mu kaɗai ke da shi ba. Likitocin Kanada ma sun yi shi, sai dai su sun gwada. Andrew Krahn ɗin nan dai shi ya jagoranci gwajin PADIT, a asibitoci 28 na Kanada da Holan, kan mutum 19,603 da aka dasa wa na'urori masu waya. Kowane asibiti yakan yi wata shida a kan tsari ɗaya, sannan ya koma ɗayan. Tsari na farko sefazolin kafin aiki, shi ke nan. Na biyu sefazolin da bankomaisin, a wanke aljihun da ruwan basitirasin, sannan a sallami mutum da kafso na kwana biyu. Bayan shekara, waɗanda aka kwantar saboda ciwon dashe kashi 1.03 ne cikin 100 a tsarin farko, kashi 0.78 a na biyu. Bambancin bai kai matakin da masana lissafi za su ce ba dace ba ne. An wallafa wannan a 2018, kuma shi ne babban dalilin da ya sa aka daina ba da shawarar ƙarin magani bayan aiki.

Abin da PADIT ya fi amfanar da likitoci da shi ma'auni ne na gane wanda ya fi shiga haɗari: wanda aka taɓa buɗe wa aljihun a baya, mai ƙarancin shekaru, mai raunin ƙoda, mai raunin garkuwa, da wanda za a sa wa babbar na'ura mai wayoyi da yawa ko za a yi wa gyara. Rajistar Denmak, da ta bi mutum 97,750 daga 1982 zuwa 2018, ta nuna yadda tsanin yake hawa: kashi 1.19 cikin 100 ga na'urar daidaita bugu, 1.91 ga mai jan zuciya da lantarki, har 3.35 ga mafi girmansu da ke haɗa ayyukan biyu da waya ta uku.

Ga masu wannan babban haɗari aka ƙera wata 'yar jaka mai suna TYRX, saƙar zare mai narkewa da aka jiƙa da minosaikilin da rifamfisin, wanda masu jinyar tarin fuka suka sani. Ana sa na'urar a ciki a binne su tare, ta yi kamar mako tana sakin magani a aljihun, ta narke cikin kimanin mako tara. Gwajin WRAP-IT na 2019, ƙarƙashin Khaldoun Tarakji na asibitin Cleveland, kan mutum 6,983, ya nuna ta rage manyan cututtukan dashe daga kashi 1.2 zuwa 0.7 cikin 100. Ragi ne na gaske, amma sai an sa wa mutum wajen 200 kafin a kare ɗaya, ga ta da tsada. Ba ta kowa ba ce, balle 'yar ƙaramar na'urar naɗa.

Jinin da ya kwanta

Ba a kan magani gizo ke saƙar ba, a kan jini ne. Yawancin masu bukatar waɗannan na'urori suna shan maganin tsinka jini. A da, akan dakatar da wafarin kafin aiki a maye gurbinsa da allurar hefarin. Gwajin BRUISE CONTROL da David Birnie na Ottawa ya jagoranta a 2013 ya kifar da wannan al'ada: waɗanda aka bari a kan wafarinsu, kashi 3.5 cikin 100 ne jini ya taru musu a aljihun, waɗanda aka koma da su hefarin kuwa kashi 16. Da aka ci gaba da bin mutanen shekara guda, sai aka ga wanda jini ya taru masa sosai haɗarin kamuwarsa ya ninka fiye da sau bakwai. Jinin da ya kwanta abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kuma yakan tilasta a sake buɗe wurin. Binciken PEOPLE na Faransa, kan mutum 6,319, tun a 2007 ya nuna sake buɗewa da wuri yana cikin mafi munin abubuwan da ke jawo ciwon, tare da zazzaɓi cikin awa 24 kafin aiki da kuma wayar wucin gadi.

Daga nan ƙa'idojin da ba sa cin kuɗi suka fito. Mai zazzaɓi a ɗaga masa aiki har ya sauka. Gashin ƙirji a rage shi da injin aski, ba da reza ba, domin reza na barin ƙananan tsagu da ƙwayoyi ke taruwa a ciki. A wanke fata da kulohekzidin mai sifirit a jira ta bushe. A rage shige da fice a ɗakin aiki. A tsayar da jini sarai kafin a rufe. In kuma wurin ya kumbura da jini bayan aiki, kada a soka allura a zuƙe, domin allurar kan tura ƙwayoyin fata ciki. In an hana likita da allurarsa mai tsabta, to ƙahon wanzami da tsagarsa ba su da wurin zuwa kusa da wannan kumburi.

A gida

A ƙasashenmu matsala ta farko ita ce samun na'urar ma. Wani bincike na ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka, da Aimé Bonny na Kamaru ya jagoranta aka wallafa a 2018, ya nuna a matsakaiciyar ƙasa cikin waɗanda aka duba, ba a dasa wa mutum uku cikin miliyan na'urar daidaita bugu a shekara, kuma Najeriya tana can ƙasa. A Yammacin Turai ɗaruruwa ne cikin miliyan. Wannan ya sa ake tattara na'urorin da masu su suka rasu batirinsu da saura, a wanke, a kashe ƙwayoyin jikinsu, a ba marasa hali. Tsoron kowa shi ne ciwon dashe. Cibiyar Zuciya ta Montreal ta bi mutum 1,051 da aka sa wa irin waɗannan a Meziko da Gwatamala da Honduras da Jamhuriyar Dominika, ta samu kashi 2 cikin 100 cikin shekara biyu, a kan kashi 1.2 na masu sababbi, bambancin da bai tabbata ba a lissafi. Shirin My Heart Your Heart na Jami'ar Michigan kuma ya yi gwaji da ƙuri'a kan mutum kusan 300 a ƙasashe bakwai har da Najeriya, ya bayyana a 2024 cewa cikin kwana 90 na farko tsofaffin na'urorin ba su fi sababbi jawo ciwo ba.

Masu hali kuwa sukan tafi Masar ko Indiya ko Dubai a yi musu, su dawo cikin mako ɗaya ko biyu da filasta a ƙirji. Likitan da ya yi aikin yana can, ciwon yana nan, cikin zafi da gumi, a hannun dangi. A nan ne ake jin tambayar: “Ba su rubuta masa maganin bushewar ciwo ba?” Sai a aiki yaro kemis. Wani ma ɓare kafson yake yi ya barbaɗa garin a kan ɗinkin.

Wannan ɗabi'a tana da farashi, kuma mu ne muka fi kowa biya. Babban binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-macen a duniya shi ne Afirka ta Yamma, mutum 27 cikin kowane 100,000. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2016 ta ce kada a ci gaba da maganin rigakafi bayan an gama tiyata. Na san hujjar da likitocinmu ke kawowa, cewa ɗakunan aikinmu ba kamar na Kanada ba ne, ga ƙura, ga ɗaukewar wuta, ga injin gasa kayan aiki da ba kullum yake tafiya ba. Damuwarsu gaskiya ce. Amma kafson da aka haɗiya washegari ba ya cire ƙwayar da ta riga ta manne a ƙarfe jiya. Kuɗin da ake kashewa a kansa ya fi amfani a wajen sabulu da safar hannu da shimfiɗa mai tsabta, da agogon da za a duba a tabbatar allurar ta shiga cikin sa'arta. Kuma kowace istafilokokas da ta koyi jure magani a unguwa, ita ce za ta zauna a fatar wanda za a yi wa aiki gobe, ta sa sefazolin mai araha ya kasa.

Wanda aka dasa wa kowace irin na'ura, abin da ke kansa kaɗan ne. Ya bar filastar yadda aka sa ta, ya tsare wurin daga ruwa iya kwanakin da likita ya ce, kada ya shafa mai ko zuma ko wani gari, kada ya riƙa taɓawa yana jin na'urar da yatsa. Ya riƙe katin na'urarsa a jiki. In zai cire haƙori, na'urar kaɗai ba ta wajabta masa shan maganin rigakafi ba, haka ƙungiyar zuciya ta Amurka ta tsayar tun 2010.

Alamun da za su mayar da shi asibiti su ne ja da ke yaɗuwa, zafi a wurin, kumburin da ke ƙaruwa, ruwa ko mugunya, ɗinki ya buɗe, ko fata ta yi siriri ta manne da na'urar. In ƙarfen ya leƙo waje, ko babu ciwo ko zazzaɓi, likitoci suna ɗaukarsa a matsayin ya kamu. Mai na'ura mai waya da ya yi zazzaɓi da rawar sanyi ba a san dalili ba, ko da shekara biyar da dasawa, kada a tsaya a kan maleriya da taifot, a gaya wa likita akwai waya a zuciyarsa. Kuma kada ya sha komai kafin ya isa, domin abin da za a fara yi shi ne ɗibar jini aƙalla sau biyu, daga wurare daban-daban, a shuka a ga wace ƙwaya ce da maganin da take ji. Kafso biyu da aka haɗiya a hanya sun isa su hana ta tsirowa a kwalbar gwaji, alhali tana nan a jikin wayar.